An dawo da ɗana daga Njamena kan kuɗin shanu, yanzu ana zancen kotun soja

Tambayar ta fito daga wani dattijo a Kusiri. Ɗansa mai fataucin shanu ya karɓi kuɗin wani ɗan kasuwa na Marwa don ya sayo masa garke. Ciniki ya rushe, kuɗi ba su dawo ba, yaron ya ƙetara Chadi. An kama shi a Njamena, ya yi wata huɗu a tsare, aka dawo da shi Kamaru kan tuhumar cin amana. Yanzu yana kaso a Marwa, kuma iyali sun ji ana cewa za a ɗora masa wani fashin shanu da bindiga da aka yi shekara biyu kafin ya gudu, a kai shi kotun soja. Dattijon yana tambaya: suna da ikon yin haka? Me doka ta ba ɗansa?

Alhaji, sannu da haƙuri, Allah ya fitar da yaron nan lafiya. Kafin in shiga zancen haƙƙi, akwai tambaya guda da nake fara yi wa duk iyalin da suka zo ofishina da irin wannan magana, domin a jikinta sauran abubuwa suke rataye. Ranar da ya ƙetaro gadar Ngeli, da takarda ya ƙetaro, ko kuwa motoci biyu ne suka haɗu a bakin iyaka, jami'an can suka cire ankwarsu, na nan suka saka tasu, aka yi musabaha aka rabu?

A bakin mutanen gari duk "an miƙo shi" ne, amma a wurin doka hanyoyi biyu ne da ba su haɗa komai ba. Ta farko ita ce miƙa wanda ake tuhuma tsakanin ƙasa da ƙasa, wadda za ku ga an rubuta extradition a takardun kotu. Mai gabatar da ƙara ya haɗa sammacin kamu, da bayanin abin da ake zargi, da ayoyin dokar da suka hukunta shi, ya tura ma'aikatar shari'a a Yawunde, daga nan a bi ta hanyar diflomasiyya zuwa Njamena. A can alƙalai su zaunar da mutumin, su duba ko shi ɗin ne, ko abin da ake zarginsa laifi ne a ƙasashen biyu, ko ba siyasa ce aka lulluɓe da rigar laifi ba. Sai sun gama gwamnati take sa hannu. Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙungiyar CEMAC ta tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma ƙasashen ƙungiyar sun ƙulla yarjejeniyar miƙa waɗanda ake nema a Barazabil a watan Janairun 2004. A gida ma, kundin tsarin shari'ar laifuka na 2005, wanda ya fara aiki a farkon 2007, ya ware wa wannan batu wuri na musamman tun daga sashe na 635. Hanya ta biyu kuwa ita ce 'yan sanda su danƙa wa 'yan sanda, hannu da hannu, babu alƙali a tsakani. Ita ma tana jingine da wata yarjejeniyar haɗin kan 'yan sanda ta 1999 tsakanin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma a abin da na gani a iyakarmu ita ce aka fi bi, don ta fi sauri kuma ba ta cin kuɗi.

Wata huɗun da ya yi a Njamena ya sa nake kyautata zaton hanya ta farko aka bi, domin miƙawar hannu da hannu sha'anin kwanaki ce. Sai dai ba a shiga kotu da zato. Aikin farko na lauyansa, tun kafin ya buɗe baki a gaban kowa, shi ne ya nemi kwafin takardu uku: buƙatar da Kamaru ta aika, ra'ayin kotun Chadi, da takardar amincewar gwamnatin Chadi. Ta ukun nan ita ce uwa. A cikinta aka rubuta laifin da aka ba da shi a kansa, kalma bayan kalma.

In takardun nan suna nan, ɗanku yana riƙe da garkuwar da sauran 'yan kaso ba su da ita. Ƙa'idar ita ce ba a gurfanar da wanda aka miƙo, ba a tsare shi, ba a hukunta shi a kan wani laifin da ya riga miƙawar, in ba laifin da ƙasar da ta miƙo shi ta amince da shi ba. Principe de spécialité ake rubutawa a takarda, ku riƙe kalmar don za ku ji ta a bakin lauya. Ku da kuka tashi cikin dabbobi ba sai na ja bayani ba. Wanda ya aro shanun huɗa don gonar gero guda ba shi da ikon wucewa da su gonar ƙaninsa, balle ya kora su kasuwar Bogo. In yana son ƙari, sai ya koma wurin mai shanu. Mutumin da ke ƙasar Chadi a ƙarƙashin ikon Chadi yake, ita ta ga dama ta saki wannan iko a kan magana guda da ta bincika ta gamsu. Da babu wannan ƙa'ida, da kowace gwamnati sai ta nemi abokin hamayyarta da sunan satar akuya, in ya shigo hannu ta yi masa shari'ar cin amanar ƙasa, daga nan kuma babu ƙasar da za ta sake yarda da wata.

Akwai tsohon misali da nake son bai wa ɗalibai masu koyon aiki a wurina, don ya nuna nauyin takarda fiye da duk wani bayani. A rana guda, a watan Disamban 1886, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'u biyu. Na farko wani ma'aikacin jirgin ruwa ne mai suna Rauscher, wanda Ingila ta miƙa kan tuhumar kisan kai. Da ya iso sai aka yi masa shari'a kan azabtar da mamacin, laifin da ba shi aka nema ba. Kotu ta ce ba a isa ba. Na biyu, Ker, an je har birnin Lima na ƙasar Peru aka sato shi da ƙarfi aka jefa a jirgi, ba tare da bin yarjejeniya ba. Kotu ta ce shari'arsa ta ci gaba. Wanda aka bi doka wajen kawo shi ya sami kariya, wanda aka keta doka wajen kawo shi ya rasa. Abin yana da ciwo, amma sama da shekara ɗari da talatin ke nan kotuna da yawa a duniya a kan wannan layi suke.

To mu dawo kan ɗanku. Cin amana yana sashe na 318 na kundin laifuka, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 zuwa 10, kuma kotun farar hula ke saurare. Fashi da bindiga kuwa dokar shari'ar soja ta 2017 ta sa shi a hannun kotun soja ko da farar hula ne ya aikata. Aika-aika ce daban, rana daban, mutane daban, kuma ta riga miƙawar. In abin da Chadi ta sa hannu a kai cin amana ne kaɗai, amsar tambayarku a taƙaice ita ce a'a, ba su da iko, har sai ɗaya daga cikin ƙofofin da zan ambata ta buɗe.

Ƙofar da hukuma take da ita a fili ita ce ta koma wurin Chadi. A haɗa sabuwar buƙata da hujjojinta, a ji ta bakin ɗanku a rubuta, a aika, Chadi ta duba kamar yadda ta duba ta farko. Tana iya amincewa, tana iya ƙi. Wannan kan ɗauki watanni, kuma kafin amsa ta zo ba a yanka masa sabon sammacin tsarewa kan fashin. Bincike dai ba a hana shi ba: za su iya jin shaidu, su tara abin da suke tarawa. Haka kuma garkuwar ba ta rufe abin da mutum ya aikata bayan an dawo da shi. In ya yi faɗa a kaso ya ji wa wani rauni, ko ya yi yunƙurin tsallake katanga, wannan tsakaninsa da Kamaru ne, Chadi ba ruwanta. Sannan alƙali yana iya sauya wa laifin suna muddin abin da ya faru bai sauya ba. Misali ya ce kuɗin nan da yaudara aka karɓe su tun farko, saboda haka zamba ce, ba cin amana ba. Kuɗin dai su ne, garken da ba a kawo ba shi ne, don haka wannan bai keta ƙa'ida ba. Amma ba yadda za a miƙar da rikicin kuɗin ciniki ya zama harin bindiga a daji.

Ƙofar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda mutum ke buɗewa da yatsansa. Wanda aka miƙo yana iya yafe wannan kariya da kansa, ya ce ya yarda a yi masa shari'a kan komai. Shekarun baya na karɓi shari'ar wani direban babbar mota da aka dawo da shi daga wata ƙasa maƙwabciya kan kuɗin kaya, daga baya aka jibga masa wata tsohuwar tuhuma. Na shiga da ƙarfina, na ɗauka shari'ar a aljihuna take. Ina juya takardun sai na iske wata 'yar falle guda a can ƙarshe, layi uku da Faransanci, a ƙasa dangwalen babban yatsa da shuɗin tawada, har ya ɗan zame gefe kamar an riƙe masa hannu cikin sauri. Na je kaso na nuna masa. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya ce, "Maigida, ai wannan ta karɓar kayana ce. Agogo da waya da bel." Abin da aka gaya masa ke nan. A gaskiya takardar cewa take ya yafe kariyarsa da son ransa. Mun yi ta fama a kan cewa babu tafinta, babu lauya, ba a gaban alƙali aka yi ba, mun kuma yi nasara. Amma nasarar ta zo bayan wata goma sha ɗaya, duk yana ciki. Don haka in kun je ziyara, ku gaya wa ɗanku da bakinku, don maganar uba ta fi ta lauya shiga kunne: kada ya sa hannu, kada ya dangwala yatsa a kan kowace takarda, ko da an ce ta abinci ce, sai lauyansa ya karanta masa da Hausa.

Lokaci ma yana cinye wannan haƙƙi. Irin wannan ƙorafi ana ɗaga shi ne da fari, kafin a shiga gundarin shari'a, kafin mutum ya fara amsa tambayoyi kan sabuwar tuhumar. A Faransa, inda tsarin kotunanmu ya samo tushe, kwana 10 kacal ake ba mutum ya nemi a soke miƙawar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Lauya mai hankali ba ya jira a kira shi. Da jin ƙishin-ƙishin ɗin nan ya kamata ya rubuta wa mai gabatar da ƙara da alƙalin bincike, ya manna kwafin amincewar Chadi, ya karɓi shaidar an karɓi wasiƙarsa da hatimi. Ba laifi ba ne kuma ya aika kwafi ga ofishin jakadancin Chadi, domin alkawarin da ita aka yi, kuma ƙorafin ƙasa ya fi na fursuna ƙara a kunnen ma'aikata.

Yanzu bari in faɗi mai ɗacin. In ya kasance babu takarda, hannu da hannu aka yi, to garkuwar nan ta yi rauni ƙwarai, domin babu alkawarin da za a ce an saɓa. Iyalai da yawa suna zuwa da fata cewa tunda an kawo ɗansu ta haramtacciyar hanya, dole a sake shi. Ku dubi abin da ya faru a kusa da mu. A watan Janairun 2018 an kama Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin masu jin Ingilishi na Kamaru, da abokansa a Abuja, aka kawo mutum 47 Yawunde ba tare da zaman kotu ba. Babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a watan Maris 2019 abin da aka yi ya saɓa doka. Wannan bai hana kotun soja a Yawunde yanke masa ɗaurin rai da rai shi da mutum tara a watan Agustan shekarar ba. A Najeriya, an ɗauko Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar Biyafara, daga Kenya a 2021. Kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2022 saboda yadda aka kawo shi, Kotun Ƙoli ta juya hukuncin a ƙarshen 2023, ta soki yadda aka yi amma ta ce shari'a ta ci gaba. Faransa ma haka ta yi da Carlos, ɗan Venezuela da take nema kan ta'addanci, da aka ɗauko daga Khartoum a 1994. Akwai kotunan da suka tsaya kai da fata. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Kudu ta rushe hukuncin Ebrahim Ismail Ebrahim, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, wanda aka sato daga Swaziland, ta ce gwamnati ba ta zuwa kotu da hannu mai datti. Ni a ra'ayina wannan ne daidai, domin hukumar da ke karya doka don ta kama mai karya doka tana koya wa jama'a darasin da ba ta so. Amma ra'ayina ba shi ne zai fitar da ɗanku ba, kuma ba zan ce ku sayar da shanu ku zuba a yaƙin da ba a cika cinsa ba. A rubuta ƙorafin, a sa shi cikin takardu don gaba, a mai da ƙarfi inda ake samun biyan buƙata.

Inda ake samu kuwa shi ne haƙƙoƙin da kowane wanda ake tuhuma yake da su, waɗanda gudu bai zubar masa da ko ɗaya ba. Wannan ina nanatawa domin har wasu ma'aikata suna yi wa wanda aka dawo da shi kallon wanda aka riga aka yanke wa hukunci. Alƙalan Njamena ba su ce ya ci kuɗi ba, cewa suka yi takardun sun cika. Sashe na 8 na kundin tsarin shari'ar laifuka ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar a shari'ar da aka ba shi damar kare kansa. A zaman farko gaban alƙalin bincike, wajibi ne a gaya masa abin da ake tuhumarsa, a gaya masa yana iya yin shiru, yana iya neman lauya. In ba ya jin Faransanci ko Ingilishi sosai, a kawo tafinta da ya yi rantsuwa. Faransancin kasuwa daban, na kotu daban, kada ya ji kunyar cewa bai gane ba. Na sha ganin ana jawo wani daga cikin 'yan kallo ya fassara, mai Fillanci ya fassara wa mai Hausa, magana ta karkace a hanya. Lauya ya ƙi, a rubuta cewa ya ƙi. Amsa laifin da aka samu da duka ko barazana ba hujja ba ce, sashe na 315 ya faɗa, kuma Kamaru ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1986. In akwai tabo a jikinsa a nemi likita ya duba yanzu, kafin fata ta warke. Sashe na 3 kuma ya ce duk matakin da ya tauye haƙƙin kare kai rusasshe ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman tallafin shari'a bisa dokar 2009, kuma in laifin mai hukuncin kisa ne ko ɗaurin rai da rai, kotu ce da kanta za ta naɗa masa.

Ku riƙe ƙidayar kwanaki, domin a nan ake yawan samun ɓaraka. Tsarewar farko a hannun jandarma ko 'yan sanda awa 48 ce, ana sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Ana kuma ƙara awa 24 a kan kowane kilomita 50 in akwai tafiya, kuma tsakanin Kusiri da Marwa tafiya ce. Tsarewar jiran shari'a a hannun alƙalin bincike wata 6 ce. Ana iya ƙara wata 6 ga matsakaicin laifi irin cin amana, ko wata 12 ga babban laifi, kuma kowane ƙari sai da rubutaccen dalili. Kun ga abin da ya sa sabuwar tuhumar take da haɗari tun kafin a tabbatar da ita: tana mayar da iyakar shekara guda ta koma shekara da rabi. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ba a kuma tura shi kotu ba, ana shigar da buƙatar sakin gaggawa gaban shugaban babbar kotun yankin da yake tsare, bisa sashe na 584. Wannan hanya tana aiki, na bi ta ba sau ɗaya ba. Abu guda ne ke rikita wannan lissafi gaba ɗaya, wato in kalmar ta'addanci ta shigo takarda. Dokar Disamban 2014 ta mai da tsarewar farko kwana 15 da ake iya sabuntawa, kuma a yankinmu ba wuya a jingina satar shanu da ciyar da 'yan bindiga. In kuka ji an fara wannan zance, kada a kwana ba a sanar da lauya ba.

Beli haƙƙinsa ne ya nema, tunda cin amana ba ya cikin laifukan da aka hana wa beli. Amma kada in ruɗe ku, mutumin da aka je wata ƙasa aka ɗauko, alƙali zai ce wanda ya gudu jiya me zai hana shi gobe, ga kogi a bayan gida. Abin da ke sassauta zuciyar alƙali shi ne masu tsayawa na kirki, masu gida da sana'a a Marwa, da alamar an fara biyan mai kuɗi.

Wannan ya kawo ni kan sulhu, wanda a irin shari'ar ɗanku ya fi duk wata dabarar lauya amfani. Biyan kuɗi ba ya goge laifi da kansa, ƙarar ta gwamnati ce. Amma in mai kuɗin ne ya tayar da ƙarar da kansa a matsayin wanda aka cuta, janyewarsa tana iya rufe ta, in ma ba ta rufe ba tana rage hukunci sosai. Ku nemi sarkin tike ko dattawan kasuwa su shiga tsakani, a biya abin da ya sawwaƙa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kuɗin da za ku ba masu cewa sun san alƙali, waɗanda ke zagaye ƙofar kotu da jaka a hammata, gara ku kai wa mai haƙƙi. Su ba sa ba da rasit.

Game da hukuncin kisa, tunda an ambaci bindiga dole in taɓo shi. Fashin da aka yi kisa ko mummunan rauni a cikinsa yana iya kai wa nan a dokar Kamaru, duk da cewa rabon da a zartar tun 1997. Chadi kuwa, wadda ta harbe mutum 10 a watan Agustan 2015 bayan hare-haren Njamena, ta soke hukuncin kisa gaba ɗaya a 2020. Saboda haka in Kamaru ta koma neman ƙarin izini, Chadi tana da dalilin gindaya sharaɗi, kuma lauya ya kamata ya tura wannan hujja can tun da wuri. Irin wannan sharaɗi yana ɗaure ƙasa. Fotugal ta miƙa wa Indiya Abu Salem, wanda ake nema kan hare-haren bam na Mumbai, a 2005 bisa alkawarin ba kisa, ba ɗaurin da ya wuce shekara 25, kuma a 2022 Kotun Ƙolin Indiya ta ce dole gwamnati ta cika. Mutanen Chadi ma sun ga ɗaya fuskar abin. An yanke wa tsohon shugaban Chadi Hissène Habré hukuncin kisa a bayan idonsa a Njamena a 2008, Senegal ta shirya mayar da shi a 2011 ta fasa bayan an yi mata ca, a ƙarshe a Dakar aka yi masa shari'a, aka ɗaure shi rai da rai a 2016.

In an yanke hukunci bai gamsu ba, kwana 10 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma na ga iyalai suna ɓata su wajen taron shawara. Bayan an ƙure kotunan gida akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka a Banjul da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a Janeba, amma can shekaru ake yi. Haka nan Kamaru ba ta da ikon ta ɗauke shi ta ba wata ƙasa ta uku kan tsohon laifi ba da yardar Chadi ba, shi kuwa ɗan ƙasa ne, kuma dokarmu ba ta miƙa ɗan ƙasa. Masu karatu da ɗansu baƙo ne a nan, ɗan Chadi ko ɗan Najeriya, su tuna yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963, amma sai ya nema.

Akwai abin da ba a cika gaya wa iyalai ba, sai ranar farin ciki ta zama mafarin wata wahala. Kariyar nan ba ta har abada ba ce. Ranar da aka sallame shi sallama ta ƙarshe, ko an wanke shi ko ya gama zaman kaso, ana ba shi 'yan kwanaki ya bar ƙasar in yana so. Yarjejeniyoyi sukan sa kwana 30 ko 45, lauya ya duba wanne ne ya hau kansa ya rubuta muku ranar. In ya zauna ya wuce wa'adin alhali yana da ikon fita, ko ya fita ya dawo da ƙafarsa, garkuwar ta faɗi, tsohuwar tuhumar fashi tana iya tashi. Ga mutumin Kusiri da gidansa da matarsa da kasuwarsa suke nan, wannan yana nufin kariyar jinkiri ce kawai take saya masa. Shi ya sa nake ba da shawara a yi amfani da jinkirin. A tambaye shi a asirce, tsakaninsa da lauya, ina yake ranar da aka yi fashin. In yana wata kasuwa, a nemo takardar fiton dabbobi ta ranar, da rasit na tike, da dillalan da suka gan shi, tun suna raye kuma suna tunawa.

Saura wata huɗun Njamena. Kwanakin da mutum ya yi a tsare kafin hukunci ana cire su daga ɗaurin da aka yanke, kuma zaman jiran miƙawa saboda wannan shari'ar aka yi shi, don haka lauya zai nemi a lissafa. Sai dai alƙalin Marwa abin da ke gabansa yake ƙirgawa, kuma sau da yawa takardun da suka biyo mutum ranar da ya shigo Kamaru kawai suke nunawa. Ku aiki ƙaninsa ko wani mai jin Faransanci ya ƙetara gada da sassafe, ya je ofishin rajista na gidan kason da aka tsare shi, ya nemi takardar shaidar tsarewa. Ya tabbata an rubuta ranar shiga da ranar fita da lambar sammacin, kuma an buga hatimi. Ya yi kwafi uku, ɗaya ga lauya, ɗaya a cikin takardun kotu, ɗaya a hannunku. Ta asalin ta zauna a gida cikin akwati.